Lawal da Motar Gwangwala

Gidan Malam Auwalu na Gazara gidan karatu ne tun kaka da kakanni, amma cikin 'ya'yansa maza biyu babu wanda ya gaji buzu. Sani, babban, noma ne ya ja shi, ya kama rake a fadama har ya kafa injin matse shi irin wanda doki ke juyawa. Ƙaramin kuwa, Muhammadu Lawal, Allah ya yi shi da ƙaiƙayin hannu. Ya sauke Alƙur'ani dai, don a gidan ba a barin mutum bai sauke ba, sai dai duk abin da ke da murfi sai ya buɗe ya ga cikinsa. Kwaɗo, tocila, fitilar ƙwai, har agogon tebur da wani ɗalibi ya kawo wa mahaifinsa tsaraba daga Kano, duk sun sha hannunsa. Ranar agogon ya sha bulala, yana kuka yana cewa shi so yake ya ga abin da ke ƙwanƙwasawa a ciki. Mahaifiyarsa Hajo ta ce a ƙyale shi, hali zanen dutse ne, duka ba zai kankare ba.

Da gemu ya fara tsiro masa sai ya bi wani direban babbar mota mai suna Iliyasu, ya yi shekara huɗu yana karen mota tsakanin Zariya da Kano. Tuƙi bai taɓa ba shi sha'awa ba, cikin injin ne ya ɗauke masa hankali. Wata rana a garejin wani bakanike a Sabon Garin Zariya ya ga abin da ya hana shi sakat. An ciro dainamon motarsu, wato ƙarfen nan mai siffar ƙaramin turmi wanda inji ke juyawa ya cika batir da wuta. Bakaniken ya ɗora shi a kan benci, ya jawo waya biyu daga batir ya taɓa masa don ya gwada lafiyarsa. Sai ga dainamo yana juyi da kansa, ba inji, ba mai. Lawal ya tambaya, bakaniken ya ce ai haka yake, ka juya shi ya ba ka wuta, ka ba shi wuta ya juya maka. Ya faɗa ne kamar mai cewa ruwa na jiƙa kaya, ya ci gaba da aikinsa. Lawal kuwa ya ɗauki maganar ya ajiye a ransa, duk inda ya zauna sai ya ɗauko ta ya jujjuya.

Ya dawo gida ya kafa rumfar gyaran keke a ƙofar gidansa a Makarfi, aka aura masa Atika, 'yar farin Malam Ashafa na Kudan. A nan sai an ɗan tsaya a kan Malam Ashafa. Dattijo ne mai karantar da fiƙihu a zaurensa, wanda aka sani daga Kudan har Ikara da abu guda, ba ya ƙara gishiri a magana. In ya ce ya ga awaki uku, to uku ne, ba a sake ƙirgawa. In rigimar iyakar gona ta gagara, shi ake nema ya faɗi abin da ya sani a tashi. Tsakaninsa da Lawal kuwa sai kunya irin ta surukai, mai kaurin gaske, don Atika 'yar fari ce, ko sunanta Malam ba ya kamawa. Lawal in ya hango shi, ko a kan keke yake sai ya dire, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kai a ƙasa har a gama gaisuwa. Shekara shida da auren, maganar da ta taɓa haɗa su ba ta wuce lafiyar gida da ta damina ba.

Shekara biyu bayan an sami mulkin kai, lokacin da rediyon mai shayi ba shi da zance sai na masaƙu da masana'antun da za a gina, sai Ɗan'azumi ya sayar da gyaɗarsa ya sayo sabon keke. Ɗan'azumi ɗan kawun Lawal ne, wato taubashinsa, kuma Allah ya hore masa dogayen ƙafafu da dogon harshe. Kowace Laraba, ranar kasuwar Makarfi, sai ya jingine keken a rumfar Lawal, ba don wani abu ya lalace ba, sai don ya samu wanda zai tsokana.

"Bawana," in ji shi wata Laraba, "an ce yanzu ƙasa tamu ce, har jirgi za mu ƙera. Kai kuwa ga ka nan da kwanon ruwa kana neman inda taya ke huci."

Lawal bai ko ɗago kai ba, ya ce shi zai ƙera motar da ba ta shan mai, ba a tuƙa ta da ƙafa, ba dabbar da ke jan ta, kuma za ta riga wannan keken isa daga gadar katako zuwa tsamiyar bakin kasuwa. Magana zarar bunu. Rumfar cike take da masu jiran faci, kafin la'asar labarin ya zaga kasuwa, kafin Juma'a ya kai Gubuchi da Nasarawan Doya.

Ba a sa komai a tsakani ba, don abin da taubasai ke ci a wurin juna ya fi kaya ciwo. Wanda aka kayar bakinsa ya mutu ke nan, a biki a suna a jana'iza sai an tuna masa. Amma in gaskiya za a faɗa, ba gorin ne ya fi cin ran Lawal ba. So yake ya sani, ya gani da idonsa, ko wutar da ke kwance a cikin akwati za ta iya tsere wa ƙafar mutum. Tambayar ta daɗe tana cin sa, Ɗan'azumi dai ya sosa masa inda ke ƙaiƙayi ne kawai.

Tsohon ubangidansa Iliyasu ya ba shi wani dainamo da aka yar, da batirin da ya gaji da tayar da babbar mota amma da sauran rai a jikinsa. Lawal ya san ƙarfin abin kaɗan ne, don haka duk dabarar tana wajen rage nauyi. Ƙarfe ya fita daga lissafi, katako ma haka. Sai ya koma ga gwangwala, rassan tukurwar nan da ake gado da rufin ɗaki da su, waɗanda mace ke ɗaukar goma a ka ba ta yi nishi ba. Ya fere su ya haɗa, ya ɗaɗɗaure da tsagin ɗanyar fata, wadda in ta bushe takan ƙanƙame ta fi ƙusa riƙo. Ya sa ƙafafun keke huɗu, ya jawo sarƙa daga dainamo zuwa ƙafar baya, ya kafa kan keke a gaba don juya ta. Hanyar gada zuwa kasuwa kuwa duk gargada ce, in ban da sawu biyu da kekunan shanu suka ƙwaƙule suka yi sumul. Ya je da igiya ya auna tsakanin sawun, ya yi faɗin motar daidai da shi, yadda ƙafafunta za su zauna a ciki daram.

Saura wuta. A lokacin Makarfi ba lantarki, mai son cika batir sai ya kai Zariya. Lawal yana zaune wata safiya a fadamar wansa yana shan rake, yana kallon dokin nan da ke zagaye da itacen inji tun asuba, sai ya ajiye raken. Ya sami Sani a bakin tukunyar mazarƙwaila ya yi masa bayani, cewa in aka haɗa dainamo da injin, tafiyar da dokin ke yi a banza tana zagaye wuri ɗaya za ta riƙa taruwa a cikin batir, ranar da aka so a sake ta gaba ɗaya. Sani ya saurare shi har ƙarshe yana juya ludayi.

"To in tafiyar dokin kake so, Lawal, ga dokin nan, ka hau mana."

Masu dahuwa suka yi dariya har da riƙe ciki. Amma Sani, duk da bakinsa, bai taɓa iya hana ƙanen nan nasa abu ba. Ya yarda bisa sharaɗin kakar raken bana kaɗai, don ba saboda wasan yara ya sayi doki ba. Lawal ya yanka tsohon tiyub ɗin babbar mota ya yi bel, ya ɗora daga babbar ƙafa zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa wadda ta fi ta ƙanƙanta, har hawa uku, yadda in doki ya zaga sau ɗaya dainamon ya zaga fiye da ɗari. Bel ya yi ta suɓucewa, ya shafa masa ruwan rake ya yi danƙo. Dokin ya ji nauyi ya ƙaru ya yi ta waiwaye, kamar mai tambayar laifin da ya yi. Sai da aka kwana goma sha ɗaya kafin ruwan cikin batirin ya fara tsattsafo da 'yan kumfa, alamar ya ƙoshi.

Wannan ne ya sa gwaji ya yi tsada. Dainamon ɗaya ne, shi ke cika batir a fadama, shi ke tura mota a gida, kuma duk gudun da aka yi na minti kaɗan dokin Sani ne zai biya da kwanaki. Sau ɗaya tak ya gwada ta, a masussukar bayan gari. Ba ta iya tashi da kanta sai an tura, amma da aka tura ta kama, ta tafi da shi kamar saurin mai zuwa kiran ungozoma. Murna ba ta kai ko'ina ba makunnin ya narke, hayaƙi ya tashi. Ya sa na biyu ya narke, na uku ma haka. Sai ya ce to a bar makunni, zai ɗaure wayar a kan batir da tsagin roba, in yana son tsayawa ya fizge ta da hannu. Burki kuwa da kansa ya kwance wanda ya sa, ya ce mai tsere me zai yi da burki, nauyi ne kawai.

Daga nan rage nauyi ya zame masa ciwo. Ya cire ƙararrawa, ya cire allon zama ya saƙa na kaba, ya kankare fentin ƙafafun da wuƙa. Ya roƙi malamin awon auduga ya ɗora masa motar a sikeli, aka ga duk da batirinta ba ta kai buhun dawa ba. Sai ya hau sikelin shi ma, nan ya ga abin da ya ɓata masa rai, ashe shi ne kayan nauyin, ya fi motar. Ya koma gida ya rage tuwo, ya daina fura, ya aske kansa ƙwal. Atika ta ce ta ga masu azumi don Allah, ta ga masu yi don alwashi, amma azumi don gwangwala a kansa ta fara gani. Ta faɗa tana dariya, amma ita ce ta ɗinke masa kabar wurin zaman da ta fara warwarewa.

Aka sa rana, Larabar ƙarshe ta matsar rake, bayan azahar. Sarkin Kasuwa ya ja layi da sandarsa a gindin tsamiya ya ce shi ne alƙali, jama'a suka yi dafifi a wurin, don kowa ƙarshen yake son gani. A bakin gada mutum bai fi goma ba. Nan Lawal ya yi abin da ya daɗe yana shiryawa bai gaya wa kowa ba. Ya tuɓe riga, ya cire hula, ya cire takalmi, ya miƙa wa wani maƙwabcinsa, ya rage daga shi sai gajeren wando. Magidanci, ɗan gidan malamai, ranar kasuwa, ƙirji a waje kai ba hula. Maƙwabcin ya buɗe baki zai yi magana, Lawal ya ce ai da gudu zai wuce, wa zai tsaya kallonsa, kuma rigar ita ma nauyi ce, ga kama iska.

Mutum biyu suka tura shi taku goma kamar yadda aka yi yarjejeniya, ya ɗaure waya, motar ta ɗauki wani siririn kuka kamar na sauro a bakin kunne. Ɗan'azumi tuni ya yi gaba, har yana sakin hannu yana waiwayowa yana yi masa gwalo. Amma da aka miƙe a shimfiɗaɗɗen wuri sai motar ta fara samun kanta. Ƙafafun suka zauna a sawu, kukan ya ƙara kaifi, karan dawar da ke gefen hanya suka fara wucewa da sauri. Lawal ya ga bayan rigar Ɗan'azumi yana matsowa, ya ga ya daina waiwaye ya duƙa a kan keke. Daɗin da ya ji a wannan lokaci bai taɓa jin irinsa ba, har ya ji hawaye na zubo masa, bai san ko iska ce ko murna ba.

Kafin kasuwa akwai tudu, daga kansa sai gangara zuwa tsamiya. Da suka kama hawan, motar ta rage gudu ta koma sassarfa, kamar yadda ya zata. Bai damu ba, don ya san gangara tasa ce. A kan tudun akwai ɗorawa, a gindinta ga jaki a ɗaure, ga wani dattijo zaune a kan buzu yana fuskantar kasuwa. Ɗan'azumi ya sauke ƙafa ɗaya, ya ɗan rusuna ya jefa gaisuwa, ya taka ya wuce. Lawal ya dubi rawanin, ya dubi sandar da ke jingine, ya gane Malam Ashafa.

Bai yi shawara da kansa ba. Ƙafafunsa ne suka dire, kamar yadda suka saba shekara shida. Hannun da ya kamata ya fizge waya, ƙasa ya yi yana neman takalmin da zai tuɓe, takalmin da ke can bakin gada. Kafin hankalinsa ya dawo jikinsa yana durƙushe a gaban surukinsa, motar kuwa, da ta ji an sauke mata fiye da rabin kayanta, ta haye tudun ita kaɗai ta kama gangara.

Gaisuwar suruki ba a gutsure ta, kuma ba yaro ke rufe ta ba. Aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen Kudan da ɗalibai, aka tambayi sanyi, aka tambayi rake da yadda ya yi auki bana. Lawal yana amsawa yana jin kukan motarsa a bayansa yana ƙara siranta yana nisa. Ya ji ihu ya tashi daga kasuwa, ya ji gudun mutane, ya ji wani ƙara kamar an fasa tulu, sannan shiru. Wuyansa har ciwo yake don son waiwaye, bai waiwaya ba. A tsakiyar haka ne iska ta taɓa masa baya ya tuna ba riga a jikinsa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Malam ya ce ya shigo ne sayen takarda da ƙaron tawada. Lawal ya ce madalla. Aka yi addu'a aka shafa, sannan aka sallame shi.

Ya isa tsamiya da ƙafa, wani ya jefa masa mayafi. Motar ta rungumi gindin itacen, gwangwala ta tarwatse, batirin ya tsage ruwansa na cin ƙasa, dainamon ya lanƙwashe. Wannan bai dame shi ba kamar amsar da ya nema ya rasa. Ashe da jama'a suka hango mota na gangarowa ba kowa a ciki, sai kowa ya yi ta kansa. Sarkin Kasuwa, alƙalin tseren, a bayan buhunan barkono aka same shi. Ɗan'azumi yana kwance cikin tabarmar masu albasa, ya rantse sai da ya ƙetare layi sannan ya faɗi. Wasu suka ce ƙarya yake, motar ta wuce shi tun a tsakiyar gangara, tsoronta ne ya kayar da shi. Wani ya ce tare suka iso. Zulai mai ƙosai ta ce ita da idonta ta ga wani gajere mai farar riga yana tuƙa ta. Layin ma ƙafafun masu gudu sun shafe shi.

Sai can wani ya tuna cewa daga kan tudun ana ganin gindin tsamiya tar, kuma Malam Ashafa can yake zaune yana fuskantar wurin, ga shi mutumin da ba a musa maganarsa. Aka duba tudu, ba Malam ba jaki. Daga baya masu ƙarfin hali suka same shi a Kudan suka ɗauko zancen, ya ce a bar maganar, bai ƙara ko kalma ba. Ɗan'azumi ya ce kun ji, dattijo yana rufa wa surukinsa asiri ne. Masu goyon bayan Lawal suka ce a'a, kawaici ne, mutum ba ya yabon nasa. Lawal ya nemi a sake tseren, Ɗan'azumi ya ce wanda ya yi kaye ba ya komawa fage. Sani ya kwance bel ɗin daga injinsa ranar da aka gama matsa, kamar yadda ya faɗa. Batir kuma ba a tsintar sa a hanya.

Shi Lawal ba shi da bakin tambaya. Yaya zai dubi surukinsa ya ce, ranar nan da kuka gan ni ba riga, me kuka gani a bayana? Ya lallaɓa Atika ko za ta bi ta wajen mahaifiyarta, ta ce ita 'yar fari ce, rabonta da hira da Malam tun ba ta yi wayo ba, kuma ko da tana yi, ba da wannan ranar za ta fara ba.

Haka rayuwa ta ci gaba. Sunan Lawal Gwangwala ya bi shi, har 'ya'yansa da shi ake kwatanta su. Da injinan niƙa suka shigo shi ya fara sanin cikinsu, rediyon da ya yi shiru a Gazara ko Gubuchi rumfarsa ake kawowa, famfon rijiyar asibiti ma shi ke tayar da shi. Aka yi yaƙin basasa aka gama. Ɗan'azumi ya yi tumbi ya daina hawan keke, amma bai daina gori ba, Lawal kuma ba ya iya mayar masa da ƙarfi, don shi kansa bai sani ba. Kowace salla yakan tafi Kudan gaisuwa da tambayar a bakinsa, ya durƙusa, a tambayi gida a tambayi damina, ya dawo da abarsa. Abin yana damunsa ƙwarai, fiye da yadda yake nunawa. Ga amsa a wurin mutum ɗaya, mutumin yana tsufa a gabansa.

Shekara tara bayan tseren, idon Malam Ashafa ya fara yin yana, ganinsa ya ragu, aka kawo shi Makarfi ganin likita, ya sauka a gidan wani tsohon ɗalibinsa. Wata rana da hantsi Lawal yana ɗaure sarƙar keke sai ya ji sallama, ya ɗago ya ga Malam da sandarsa a bakin rumfa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya zube ya yi gaisuwa. Malam ya zauna a benci ya miƙo tabarau, ya ce ƙafarsa ɗaya ce ta karye. Lawal ya karɓa da hannu biyu, ya koma gefe ya ba da rabin baya, ya kama aiki da siririyar waya. Ba kowa a rumfar. Yana cewa a ransa yau ko ba yau ba, yana neman ta inda zai fara. Sai ya ji Malam ya yi gyaran murya, ya yi magana yana fuskantar hanya.

"Wai ni kam, motar nan taka ta gwangwala. Ita da keken, wa ya riga isa?"

Tabarau ya kusa suɓuce wa Lawal.

"Allah gafarta Malam, ai shekara tara ke nan ku nake so in tambaya. Ku ne kuke fuskantar kasuwa."

"Fuskata na can, idona ba ya can," in ji Malam. "Ga mijin yarinyar nan a gabana ba riga ba hula, ina zan ɗaga ido? Ƙasa na kalla, yadda ka kalla."

Ya murza kan sandarsa, sannan ya ci gaba a hankali. Ya ce takarda da ƙaro yana da su a gida ranar. Don motar ya ɗaura wa jaki akumari tun bayan sallar asuba, domin an ce masa wuta ce a cikin akwati ke tura ta, shi kuwa ba ya gaskata abu sai ya gani. Ya zaɓi tudun ne don ya fi ko'ina ganin hanya, ɗoki ya sa ya manta cewa shi suruki ne, kuma hanyar ta gabansa za ta bi. Da mutane suka zo tambaya kuwa, kunya ce ta hana shi cewa ya ɓata wa yaro tsere kuma bai ga komai ba.

Lawal ya ajiye wayar da ke hannunsa. Amsar da ya yi shekara tara yana jira babu ita a wurin kowa, ba kuma za a same ta ba har abada. Ya ji zafin wannan sosai. Amma tausayin tsohon ya fi ƙarfi, mutumin da ya yi tafiyar rabin yini a kan jaki don ya ga abu ɗaya, ya koma bai gani ba, ga shi yanzu idon ma yana tafiya.

"Da na san kuna so, Allah gafarta Malam, da har Kudan na kai muku ita."

"Da ka kawo, da ɗaki zan shige," in ji Malam.

Lawal ya yi ƙoƙarin danne dariya ta ƙi dannuwa. Malam ma kafaɗunsa suka kama rawa, har ya sa gefen rawani yana share ido. Suka yi ta yi, wannan na kallon hanya, wancan na kallon bango. Atika ta taho da kwaryar fura ta tsaya a bayan zana, ta ji muryar mahaifinta da ta mijinta suna dariya tare, abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidan. Ta juya da furar ta koma ciki ba ta yi sallama ba, don kada su daina.